Yadda ake haɗa wa yara ƙanana kayan makaranta: yadi, awo, tela da takalmi

Wanda ya taɓa leƙa shagon tela a makon ƙarshe na dogon hutu ya san yadda abin yake. Yadi tsibi-tsibi a kan benci, iyaye cirko-cirko a bakin ƙofa, kowa ya tambaya a ce masa "gobe da yamma in Allah ya yarda". Kayan da aka ɗinka a irin wannan makon su ne waɗanda maɓallansu ke zubewa kafin Juma'ar farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantu a Najeriya suna shiga sabuwar shekara ne a watan Satumba, saboda haka tun farkon Agusta ya kamata a ce yadi ya isa hannun tela. Idan kuma sayen kayan ya faɗo kusa da Sallah, a ƙara mako biyu ko uku a kan lissafi, domin ba telan da zai ajiye shaddar Alhaji ya kama gajeren wandon ɗan nazire.

A fara zuwa makaranta kafin kasuwa

Kuɗin iyaye da yawa suna salwanta ne a kan kalma ɗaya: shuɗi. An ce musu yunifom shuɗi ne, suka shiga kasuwa suka sayo shuɗi, aka ɗinka, ranar Litinin malama ta ce ba wannan shuɗin ba. Akwai sararin samaniya, akwai mai duhu da ya kusa zama baƙi, akwai wanda ya ja kore. Hoton waya ba ya raba gardama, don kowace waya da irin launin da take nunawa. A nemi ƙyallen yadin daga makarantar, ko da girman tafin hannu ne. In ba su da shi, a ari tsohuwar rigar ɗan maƙwabta, a juya cikin kalmasa ko cikin aljihu inda rana ba ta taɓa ba. Nan ne ainihin launin yake.

A wannan zuwan ne za a tambayi sauran abubuwa a rubuta su a takarda: wandon maza dogo ne ko gajere, 'yan mata riga da wando ne ko siket, hijabi wane launi kuma ina tsayinsa ke tsayawa, safa da takalmi wane launi, akwai ranar kayan wasanni ko kayan Juma'a, kuma bajo a makaranta ake saya ko a waje. Makarantun kuɗi da yawa su ke sayar da kayansu a ɗinke, wasu kuma yadin kawai suke sayarwa. A makarantar gwamnati a tambayi hedimasta ko za a yi rabon kaya a bana, domin a wasu shekarun gwamnatin Kano, alal misali, ta raba wa 'yan aji ɗaya na firamare yunifom kyauta. Ko an samu wannan, saiti ɗaya ba ya riƙe yaro, sai an ƙara. Kar a manta da Islamiyya, wadda galibi nata kayan daban ne.

Idan a ɗinke makaranta ke sayarwa, a je da yaron a gwada a jikinsa. Lambar shekarun da aka liƙa a wuyan riga ba abin dogaro ba ce: yara biyu 'yan shekara biyar, ɗaya zai iya fin ɗaya tsawo da inci uku. A tambaya kuma ko suna karɓar canji idan ba a wanke ba.

Zaɓen yadi

Nan ne aikin yake. Yaro zai shafe awa shida ko fiye a cikin wannan yadin, kwana biyar a mako, ya zauna da shi a ƙasa, ya yi gumi a ciki, a wanke shi aƙalla sau biyu kowane mako har tsawon zango uku. A cikin zango ukun nan akwai ƙarshen damina, akwai hunturu, akwai kuma zafin Maris zuwa Mayu da kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Kano.

Yadin yunifom kusan iri uku ne. Akwai na auduga zalla: yana shan gumi, yana da sanyi a jiki, amma yana yamutsewa, yana tsukewa a wankin farko, kuma yana saurin koɗewa. Akwai na roba zalla, mai sheƙi da santsi: shi ya fi araha, ba ya neman guga, amma iska ba ta ratsa shi, gumi yana kwanciya a jikin yaro har ƙurajen zafi su feso masa a wuya da baya, sannan dutsen guga mai zafi na taɓa shi zai narke. Na ukun shi ne haɗin biyun, wanda 'yan kasuwa ke kira tetiron, galibi kashi 65 roba, kashi 35 auduga. Shi ne ya fi dacewa da rigar makaranta: yana jure wanki, yana bushewa da wuri, launinsa yana daɗewa. Wando da siket kuwa suna son yadi mai ɗan kauri, irin kaki, saboda gwiwa da mazaunai ne ke fara cinyewa.

Matsalar ita ce roba zalla ma tetiron za a ce maka. Ga yadda ake ganewa. A roƙi mai shago ya yanko ɗan siririn ƙyalle daga bakin bandir, a fita waje a kusanta masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Roba tana nannaɗewa ta narke, ta yi warin leda, ta bar ɗan ƙulli baƙi mai tauri. Haɗin biyun yana barin toka da ɗan tauri a gefe. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya jin haushin wannan gwajin, wani ma shi zai miƙo ashanar.

Sai a ɗaga yadin sama a kalli haske ta cikinsa. In ana hango yatsu sarai, saƙarsa ba ta cika ba, kuma sitati ne ya ba shi ƙarfin da ake ji a hannu. Wanki biyu zai koma kamar rariya. A murza gefensa tsakanin yatsu da ƙarfi: in wani farin gari ya fito, sitatin ke nan. A damƙe shi a tafin hannu na ɗan lokaci a saki, a ga ko ya miƙe da kansa. Na ƙarshe, a jiƙa farin hankici da ruwan leda a goga a kai sau goma. In launi ya hau hankicin, yadin yana zuba, kuma zai ɓata farar safa da farin hijabi a bahon wanki. Ana yawan cewa a jiƙa irin wannan yadin a ruwan gishiri ya daina zuba. Kar a dogara da haka, mafita ita ce a bar shi a shagon. Araha ba ta ado.

A duba launi a hasken rana, da ƙyallen makaranta a ɗora a kai. Fitilun cikin shago suna canja launi, musamman shuɗi da ruwan ƙasa.

A Kano, Kantin Kwari ne gidan yadi, kuma nan ne masu shagunan unguwa da 'yan kasuwar wasu jihohi ke saro nasu. Wanda yake da yara uku ko huɗu a makaranta ɗaya, ko iyayen da za su haɗa kuɗi su biyar ko shida, sun fi samun sauƙi idan suka sayi bandir guda suka raba. Ko ba haka ba, a sayi duk yadin da ake bukata a rana ɗaya daga bandir ɗaya. Bandir biyu masu lamba ɗaya da suna ɗaya sukan ɗan bambanta a launi, don ba tare aka rina su ba, kuma bambancin yana fitowa idan aka haɗa riga da wandon da aka ɗinka daga baya.

Yadi nawa za a yanka

Kafin a yi maganar yawan yadi, a tambayi faɗinsa. Yadi ɗaya inci 36 ne a tsawo, amma faɗi iri biyu ne a kasuwa: mai inci 45 da mai inci 60, wanda in aka auna yakan tsaya a 58. Yadin da ya fi araha da ɗan kaɗan amma faɗinsa 45 ne, sau da yawa shi ya fi tsada in an gama lissafi. Masu saye a Maraɗi ko Damagaram su tuna can da mita ake awo, kuma mita ta fi yadi da inci uku da ɗoriya.

A yadi mai faɗin 60, yaro namiji ɗan shekara uku zuwa biyar yana cin kashi uku cikin huɗu na yadi zuwa yadi ɗaya a riga mai gajeren hannu, gajeren wando rabin yadi zuwa kashi uku cikin huɗu. Ɗan shekara shida zuwa tara, riga yadi ɗaya zuwa ɗaya da kwata, dogon wando ma haka. Yarinya 'yar shekara shida: riga mai saukowa ƙasan gwiwa yadi ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi, wando yadi ɗaya, hijabi yadi ɗaya. Idan faɗin 45 ne, a ƙara kwata zuwa rabin yadi a kan kowane. Siket mai tattara da yadi mai gida-gida suna cin fiye da haka, na farko saboda ninkin, na biyu saboda sai an daidaita layukan. In za a yanka saiti uku lokaci guda ana samun rara, domin tela zai fitar da aljihu da kwala daga guntayen da suka rage.

Saiti biyu shi ne mafi ƙaranci, uku shi ne kwanciyar hankali, musamman ga ɗan nazire da yakan dawo da miyar abincin tara a ƙirji, ko a damina lokacin da shanya ke kwana ba ta bushe ba. In kuɗi bai kai ba, a yi riga uku da wando biyu. A ƙara rabin yadi a ajiye don faci, kuma a riƙa jefa shi cikin wanki lokaci-lokaci don ya koɗe tare da kayan. Facin sabon yadi a kan tsohon wando daga nesa ake hango shi.

Kafin a kai wa tela, a jiƙa yadin cikin ruwa na awa ɗaya ko biyu, a shanya a inuwa, a goge. Yadi mai auduga yakan tsuke da inci ɗaya zuwa biyu a kowane yadi a wankin farko. Gara ya tsuke kafin almakashi ya taɓa shi.

Awo, da batun "a yi masa babba ya girma a ciki"

Wannan maganar ta lalata kayan yara ba adadi. Ana ɗinka wa ɗan shekara huɗu rigar ɗan shekara bakwai, kafaɗa ta sauko masa har damtse, wando yana jan ƙasa, yana tuntuɓe da shi a filin wasa. Kafin ya girma ya cika ta, rigar ta koɗe, ƙafar wandon ta tsattsage. Ba a ci ribar komai ba.

Yaro tsakanin shekara huɗu da goma yana ƙara tsawo kimanin inci biyu zuwa biyu da rabi a shekara, kuma yawancin ƙarin a ƙafafu yake. Faɗin jikinsa ba ya sauyawa da sauri haka. Don haka rarar da za a bari, a ɓoye ta a cikin ɗinki. A gaya wa tela ƙarara: "Malam, ka bar min inci biyu a kalmasar wando, inci uku a ta rigar yarinyar, inci ɗaya kuma a kowane gefe. Kar ka yanke rarar." In ba a faɗa ba, da yawa sukan datse ta don ɗinki ya kwanta.

A kai yaron wurin tela da kansa. Awon "kamar ɗan wane yake" ko aika tsohuwar riga da ta riga ta yi masa kaɗan ba ya fitar da kaya. Ya tsaya a miƙe ba takalmi, sanye da singileti. A auna kafaɗa daga ƙashi zuwa ƙashi, kuma wannan awon kar a ƙara masa fiye da rabin inci, don kafaɗa ce ke nuna riga ta zauna ko ba ta zauna ba. Ƙirji a ƙara inci uku zuwa huɗu don ya sake. Tsayin rigar namiji ya rufe mazaunai ta yadda in ya ɗaga hannu cibiya ba za ta fito ba. A wando, awon da aka fi mantawa shi ne daga ƙugu zuwa hantsa. A sa yaron ya zauna a kan benci a auna daga ƙugunsa zuwa katakon, a ƙara inci ɗaya. Wandon da ya matse a nan shi ne ke yagewa ranar da yaro ya tsuguna. A rubuta awon a takarda biyu da kwanan wata, ɗaya wurin tela, ɗaya a gida.

Abin da za a ƙulla da tela

Ga yaron da bai kai shekara bakwai ba, wando na roba za a yi masa, ba zif, ba bel, ba mazagi. Yaron da fitsari ya matse ba shi da lokacin kwance ƙulli, kuma zif yakan kama fatar yara maza. Robar ta zama mai faɗin inci ɗaya, tsawonta ya gaza ƙugun yaron da inci ɗaya zuwa biyu, a zura ta cikin ƙubaka a bar 'yar kafa. In ta saki sai a zare a sa sabuwa cikin minti biyar. Robar da aka bi ta da keke aka ɗinke da yadin, sai an farke ƙugun gaba ɗaya. Siririyar roba kuma tana murɗewa ta yi wa yaro shaida a ciki.

Hantsar wando da hammata a yi musu ɗinki biyu. Bakin aljihu a maimaita ɗinki a kusurwoyinsa, don nan yara ke cusa hannu da duwatsu da murfin kwalba. Duk gefunan ciki a bi su da keken da telolin ke kira wibin, in ba haka ba zare zai riƙa zarewa a kowane wanki har ya ci ɗinkin. Maɓalli mai huda huɗu ya fi mai biyu, kuma a ce ya ɗinka biyu na ajiya a cikin gefen riga. Rigar yarinya ƙarama kar a sa mata zif a baya inda hannunta ba ya kaiwa. Bajo a ɗinka shi zagaye, kar a liƙa da gam.

Hijabin yarinya ƙarama yana bukatar kulawa ta daban. Yadinsa ya zama mara nauyi mai shan iska. Zagayen fuska a auna shi da tef daga goshi zuwa ƙarƙashin haɓa, ya zauna ba tare da fil ko allura ba, domin yara suna sa su a baki. Tsayinsa, in makaranta ba ta ƙayyade ba, ya tsaya wajen ƙugu. Dogon hijabi a jikin 'yar shekara biyar yana shiga ƙafarta, kuma a kan babur yana iya naɗewa a sarƙa ko taya. Wanda ke kai yara a babur ya tattare hijabin ya cusa shi a gaban yarinyar kafin ya tashi.

Kuɗin ɗinki a yi cinikinsa tun farko, har da zare, roba, maɓalli da wibin, don kar ranar karɓa a ji sabon lissafi. A ba da rabi kafin alƙalami, rabi sai an karɓa. Ranar da za a faɗa wa tela ta riga ranar komawa makaranta da kwana goma aƙalla. Dabara mai kyau ita ce a ce ya fara ɗinka saiti ɗaya a gwada, in ya zauna sannan ya yanka sauran.

Ranar karɓa a je da yaron. A juya kayan ciki-waje a duba rarar da aka yi alkawari. A ja ɗinki da hannu biyu: in ana ganin haske tsakanin zare da zare, takun keken ya yi faɗi, a inci ɗaya ya kamata a ƙirga taku goma zuwa sha biyu. Yaron ya sa, ya ɗaga hannu sama, ya tsuguna, ya zauna, sannan ya cire wandon ya mayar da kansa. In ya kasa, ba a gama aiki ba.

Takalmi, safa da rigar sanyi

Takalmi shi ne za a saya a ƙarshe, mako ɗaya ko biyu kafin komawa, don ƙafar yaro ƙarami tana iya ƙara lamba a cikin 'yan watanni. A gwada da yamma, da safar da zai riƙa sawa, yana tsaye, kuma ƙafa biyun duka, saboda ɗaya takan ɗan fi ɗaya. Tsakanin babban yatsa da bakin takalmi a bar faɗin babban yatsan hannun babba, kimanin rabin inci. Fiye da haka ƙafa za ta riƙa zamewa, diddige ya saluɓe. In ba dama a je da shi, a taka ƙafarsa a kan kwali a zana, a yanke, a tafi da shi kasuwa a zura cikin takalmin. A lanƙwasa takalmin: ya lanƙwasu a wajen yatsu, ba a tsakiya ba. Mai igiya sai yaron da ya iya ɗauri. Ƙanana a saya musu mai mannewa. Sabon sandal a kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye ƙasansa da zare tun kafin a fara sawa, don gam kaɗai ba ya jure ruwan damina da ƙwallon leda.

Safa ƙafa biyar, duka iri ɗaya launi ɗaya, ta yadda in ɗaya ta ɓata sauran za su haɗu. Singileti na auduga uku ko huɗu, su ne ke tare gumi su kare fata daga yadin. Rigar sanyi a saye ta tun Satumba ko Oktoba, kafin hunturu ya shigo kuɗinta ya tashi, kuma ita kaɗai ce za a iya ƙara wa lamba ɗaya tunda a kan riga ake sa ta. Rigar sanyi da takalmi na gwanjo, irin na Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna, sau da yawa sun fi sababbi masu araha ƙarko. A duba gwiwar hannu da bakin wuya, a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana sosai kafin yaro ya sa. Haka ma hula ko hijabin da aka gada daga wani yaro, saboda makero da ƙwarƙwata.

Suna da wanki

Kowane abu a rubuta masa suna, har takalmi da rigar sanyi, wadda ita ce kan gaba wajen ɓata. A rubuta da alƙalamin da ba ya gogewa a ɗan farin ƙyalle a ɗinka a cikin wuya ko ƙugu. A ciki, ba a waje ba: sunan yaro a bayyane a ƙirji ko bayan jaka yana ba baƙo damar kiransa kamar ya san shi.

A wanke farare daban, masu launi daban, a juye, kuma a shanya masu launi a inuwa, don rana ta fi sabulu cin launi. Kar a jiƙa su a omo su kwana. Bilic ba ya shiri da tetiron, yana sa farinsa ya koma ruwan ƙwai ya kuma raunana zaren. Ɗan bula a ruwan ɗauraya ya wadatar. Manja ko maiƙon miya a shafa masa sabulun wanke-wanke tun yana sabo kafin ruwa ya taɓa shi. Guga da matsakaicin zafi, ta ciki, kuma in dutsen gawayi ne a shimfiɗa wani ƙyalle a kai, don tartsatsi ɗaya ya isa ya huda yadi mai roba.

A hutun Disamba a sake auna yaron a kwatanta da takardar Agusta. In wando ya hau sama da idon sawu, a farke kalmasa a sauke inci ɗaya, a bar ɗayan sai hutun zango na biyu. Layin tsohuwar kalmasa zai nuna. A jiƙa shi da ruwa a danna masa dutsen guga ta ciki, in kuma ya ƙi ɓacewa tela ya bi ta kansa da ɗinki ɗaya da zare mai launin yadin.